Zauren WhatsApp ko mujallar ma'aikata?

Hajiya, kin tambaya ko akwai amfanin fara mujallar ma'aikata a masana'antarku ta Sharaɗa da ke Kano, tunda kuna da zauren WhatsApp da kowa ke ciki. Akwai, domin aikinsu ba ɗaya ba ne.

Wajen sauri, zaure ya yi wa mujalla fintinkau. Inji ya lalace, an ɗage aikin dare, motar ma'aikata ba za ta zo ba: kafin a ƙifta ido kowa ya ji. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ana iya kulle shi admin kaɗai ya riƙa magana, sannan saƙon murya yana isa ga leburan da bai yi boko ba. Kuɗinsa kuwa data ce kawai.

Amma zaure ba ya riƙe magana. A sanar da abu da safe, kafin azahar barka da Juma'a da hotunan suna sun binne shi. Ga lambar kowa a fili, har ta matan da ba su so ba. Kuma wanda wayarsa ƙarama ce, ko datarsa ta ƙare, an bar shi a baya ke nan.

Mujalla kuwa wurin bayani ce, kuma nan ne na fi ba ta ƙarfi. Ɗauki maganar fansho. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ɗora kashi 10. Ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ya ga an zabtare wani abu, bai san ina ya tafi ba, sai zargi ya shiga, raɗe-raɗi ya bazu a wurin cin abinci. Rabin shafi da ya nuna lissafin dalla-dalla, da sa hannun mai kula da ma'aikata, yana kashe wannan wutar, kuma wanda aka ɗauka aiki bayan wata shida zai iya karantawa. Haka nan hoton direban da ya shekara goma ba hatsari, da sunansa a buge: irin wannan ake kaiwa gida a nuna wa iyali.

Cikas ɗinta shi ne tana cin lokaci, kuma idan ta koma yabon manaja kawai, ba mai buɗe ta. Dole a ware wa tambayoyin ma'aikata gurbi, a amsa su tsakani da Allah, har masu zafin.

Shawarata, Hajiya, ki bar zaure ga abin gaggawa, ki fitar da mujalla shafi biyu duk wata, da Hausa da Turanci. A liƙa ta a allon sanarwa kusa da ƙofar shiga, a tura PDF ɗinta zaure, a sa wani ya karanta muhimman wuraren cikin saƙon murya saboda 'yan aikin dare.