Gargaɗi: masu "duba rufi kyauta" da ke sayar da fenti da kumfa a kan matsalar raɓa

Jama'a, a yi hattara da wasu mutane masu bin gida-gida, ko su kira ka a waya, ko ka ci karo da tallarsu a Facebook, suna cewa za su duba maka rufi kyauta. Gidan da suke farauta shi ne mai shimfiɗaɗɗen rufi wanda aka sa wa makarin zafi, wato abin da ake shimfiɗawa don hana zafi ko sanyi ratsa rufi, musamman idan silinsa ya fara tabo ko ɗigar ruwa. Ambaton sunan kamfani ba zai amfani kowa ba, domin suna canza shi kamar riga. Salon aikin ne ba ya canzawa, shi ya kamata a gane.

Mutum biyu ne yawanci. Ɗaya ya kafa tsani ya hau sama, ɗaya ya tsaya da kai a ƙasa yana jan ka da hira. Ba a daɗe ba na saman ya sauko fuska a murtuke, ya miƙo maka waya: ga hoton robar rufi ta tsage, ga ruwa ya kwanta, ga katako ya yi baƙi. Kai ba ka taɓa hawa rufin nan ba, to ta ina za ka san ko naka ne a hoton? Daga nan su shigo ciki da wata 'yar na'ura mai allura biyu, su caka a silin, ta yi ƙara, jar fitila ta kama. Sai na ƙasan ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ne ya kawo mu. Wannan rufin ba zai ga ƙarshen ruwan bana ba." Maganin kuwa yana cikin motarsu: wani fenti mai kauri da za a shafe saman rufin da shi, da kumfar feshi da za a cika cikinsa, a toshe duk wata kafa. Ga garanti na shekaru 25. Ga rangwame, amma na yau kaɗai ne, don haka sai ka ba da kafin alƙalami kafin su tafi.

Abin da ba za su faɗa maka ba shi ne, ruwan da ke ɗiga daga shimfiɗaɗɗen rufi sau da yawa ba daga sama ya zo ba. Daga cikin gidanka ya taso.

Iska tana ɗauke da tururin ruwa, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya dogara da ɗuminta. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, iskar da ta cika wuri mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi tana iya riƙe kusan giram 17 na ruwa. A digiri 10, abin ya sauko zuwa giram 9 da 'yan kai. Saboda haka idan iskar ɗakinka tana digiri 20, kuma danshinta kashi 60 cikin ɗari, da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 12, sai ta fara sauke ruwanta a jikinsa. Irin gumin da kofin ruwan sanyi yake yi ne a rana mai zafi, ba wanda zai ce kofin ya fashe. Wanka, girki, shanya a cikin ɗaki, har numfashin mutanen gida, duk suna zuba lita-lita na tururi a iska kullum. Tururin yana bin ramukan fitilun silin, da gefen bututu, da ƙofar shiga rufi, ya hau har ya iske allon katakon da ke ƙarƙashin robar rufin. Da dare idan sama ta yi garau, rufi yana iya fin iskar waje sanyi, don zafinsa yana tserewa sama kai tsaye. Nan raɓa take sauka, a ɓoye, inda ido ba ya kaiwa.

Shimfiɗaɗɗen rufi na katako iri biyu ne a wajen maginan da suka san aikinsu, kuma duk damfarar nan a kan jahilcin wannan bambanci ta tsaya. Akwai wanda ake kira rufi mai sanyi. A cikinsa makarin zafi, audugar gilashi ko makamancinta, yana kwance a kan silin tsakanin katakai, sai a bar fili a samansa, aƙalla milimita 50, kafin allon rufin. Filin nan ba ganganci ba ne. An bar shi ne don iskar waje ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗaya gefen, ta kwashe tururin da ya sulale. A Birtaniya ƙa'idar da ke kula da wannan ita ce BS 5250, kuma abin da aka saba shi ne kafar iska mai faɗin milimita 25 a tsawon gefuna biyu masu fuskantar juna. Sai kuma rufi mai ɗumi. Shi makarin zafinsa yana saman allon ne, a ƙarƙashin makarin kuma an shimfiɗa ledar tare tururi wadda aka liƙe bakinta ko'ina, sai roba ko kwalta a can sama. Allon yana zaune cikin ɗumin gida, raɓa ba ta samun wurin sauka, don haka wannan rufin ba ya son kafar iska ko ɗaya.

To ka ga, abin da ke gyara na farko shi ke ɓata na biyu. Mutumin da bai tambaye ka wane iri ne naka ba, bai buɗe ya gani ba, amma har ya yanke maka magani, ba bincike ya yi ba, kaya yake son sayarwa.

A rufi mai sanyi, ɓarnarsu ta fi muni. Su cika filin iskar da kumfa, su liƙe kafofin gefe, suna gaya maka cewa ta nan sanyi yake shigowa. Gaskiya ne ta nan yake shigowa, kuma aikinsa ke nan. Watanni na farko sai ka ji daɗi: ɗaki ya yi ɗumi, ɗigar ta tsaya. Ba tsayawa ta yi ba, wurin taruwa ta samu. Kumfa mai laushi tana barin tururi ya ratsa ta har ya kai allo mai sanyi, ga shi babu iskar da za ta busar da shi. Mai tauri kuma ta fi tare tururi, amma idan an fesa ta a kan katakon da ya riga ya jiƙe, ko ta bar tsaga a gefen katako, ko robar sama ta yi ɗan yoyo daga baya, ruwan ya maƙale ke nan tsakanin kumfa da roba. Katakon da danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari yana cikin haɗarin ruɓewa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin buɗe irin wannan rufin ya san yadda yake. Warin fumfuna ne zai fara tarbar ka tun kafin a gama yanka silin. Kumfar ta manne wa katako, sai an kankare ta da ƙarfe, kuma inda ta ɓanɓaro za ka ga allon ya yi baƙi-baƙi, ya kumbura, yana rabuwa falle-falle. Ka danna sukudireba a kan katakon da ke ɗauke da rufin, ta nutse ba gardama. Kawunan ƙusoshi sun ci tsatsa, kowanne da zoben ja a kewaye da shi. Daga ƙasa kuwa silin fes yake, fentinsa bai ko dushe ba.

Fentin saman rufin ma haka. Ba wai duk fentin tare ruwa ƙarya ne ba, akwai masu kyau, kuma suna aiki idan an shafa su a kan busasshen rufi da aka gyara yadda ya kamata. Amma raɓar da ke tasowa daga ciki ba ruwanta da abin da ka shafa a waje. Idan kuma makarin zafin ya riga ya sha ruwa, rana tana dukan rufin sai ruwan ya zama tururi, ya tunkuɗo fentin ya yi bororo, bororon ya fashe. Wanda a da raɓa kaɗai yake fama da ita, yanzu ya samu yoyo na gaske a kai. Rufin kankare bai tsira ba shi ma: sabon kankare yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya saki ruwan da aka kwaɓa shi da shi, kuma wanda ya yi gaggawar liƙe shi sama da ƙasa ya kulle ruwan a ciki.

Ita kuwa na'urar nan mai ƙara, don katako aka saita ta. Wutar lantarki take aunawa tsakanin alluranta biyu, don haka idan ta taɓa takardar alminiyam da ke bayan wasu allunan silin, ko ƙarfe, ko bango mai gishiri, za ta yi ihu ko da wurin a bushe yake ƙayau. Kyamarar zafi da wasunsu ke yawo da ita, zafi da sanyi take nunawa. Shuɗin tabon da za su nuna maka yana iya zama danshi, yana iya zama wurin da makari bai kai ba kawai. A hannun masani kayan aiki ne masu kyau. A hannun waɗannan, kayan wasan kwaikwayo ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zagaye na biyu. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai wani ya kira ka da sunan wani kamfani daban, ya san adireshinka, ya san an fesa maka kumfa, ya ce yana da labarin cewa an cuce ka, kuma shi ne zai cire ta. Ka tambayi kanka inda ya samu sunanka. A Birtaniya wannan ya zama ruwan dare, domin masu ba da bashin sayen gida da dama sun riƙa ƙin gidajen da aka fesa wa kumfa a rufi, tunda mai duba gida ba ya iya ganin halin da katakon yake ciki. Mutane suka tsorata, macuta suka samu sabuwar kasuwa. Wasu kuma maganinsu shi ne su huda saman rufin su jera bututun shaƙar iska masu hula. A rufi mai ɗumi wannan yana huda robar da ke tare maka ruwan sama ne, ya kuma shigo da iska mai sanyi inda ba a son ta. A rufi mai sanyi bututun na iya taimakawa, amma sai idan kowane fili da ke tsakanin katakai biyu yana samun iskar, ba a dasa biyu a tsakiya a ce an gama ba.

Garantin kuwa, takarda ce. Ran da ka neme su za ka tarar lambar ba ta shiga, kamfanin ya yi layar zana. Ko da yana nan, ka karanta ƙananan rubutun: galibi abin da suka lamunce shi ne ruwan sama ba zai ratsa fentinsu ba. Raɓa ba ta ciki.

Kai da kanka kana iya fara rarrabewa kafin ka kira kowa. Yoyo yana bin ruwan sama, kuma yawanci wuri guda yake fitowa, kusa da indararo, ko gindin bututu, ko inda rufi ya haɗu da bango. Raɓa ba ta jiran hadari. Bayan dare mai sanyi take bayyana, ko da an yi makonni ba a ga ɗigon ruwa ba, tana bazuwa wurare da yawa, kuma ta fi tsanani a saman banɗaki da kicin. Ka riƙa rubuta ranar da ka ga jiƙa da yanayin da aka kwana da shi. Ka duba fankar da ke zuƙe tururin banɗaki: bututunta ya fita waje, ko a cikin rufi ya ƙare? Wannan kaɗai ya jiƙa rufin gidaje ba adadi, kuma gyaransa bai kai ya kawo ba. Ka zagaya gefen gida ka ga ko mai fenti ko tsuntsaye sun toshe kafofin iska. Amma a sani, ana iya samun yoyo da raɓa a rufi ɗaya.

Wani abu da masu kwafar shawara daga intanet ke mantawa: a wurin da waje ke da zafi da laima, ciki kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, tururi daga waje yake turowa ciki, kuma silin ne wuri mai sanyi. A nan ledar tare tururi da aka sa a ɓangaren ɗaki tana iya zama ita ce matattarar ruwan. Shi ya sa magani ɗaya ba ya yi wa kowane rufi.

Idan abin ya fi ƙarfin idonka, ka nemo injiniyan gini ko mai duba gidaje wanda ba ya sayar da fenti, ba ya sayar da kumfa, ka biya shi kuɗin dubawa. Zai yanke ɗan wuri ya ga abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya auna danshin katakon kansa, ya mayar ya liƙe. Idan za a ƙara makarin zafi, ka ce a ba ka lissafin haɗarin raɓa a rubuce. Akwai sanannen lissafi na Glaser da ke cikin ƙa'idar ISO 13788, kuma masu yin makarin zafi na kirki sukan yi wa magina shi. Kada ka bar baƙon da bai zo da gayyatarka ba ya hau rufinka shi kaɗai, domin akwai waɗanda ke hawa da wuƙa a aljihu don su tsaga rufin da kansu. Kada ka biya komai a ranar da aka fara yi maka maganar. A kuma ja kunnen iyayenmu tsofaffi da ke zaune su kaɗai, don ƙofarsu aka fi ƙwanƙwasawa.

Wanda kuma aka riga aka fesa masa, kada tsoro ya sa ya faɗa hannun na biyu. Ya tattara rasit, da takardar garanti, da sunan kumfar da aka yi amfani da ita, da hotunan kafin aiki idan akwai. Ya sa masani mai zaman kansa ya buɗe wurare biyu ko uku, musamman saman banɗaki da ƙarshen katakai inda suka shiga bango, a auna. Wani rufin za a tarar a bushe yake, sa ido kawai yake buƙata; wani sai an cire kumfar an canza allo. Rahoton masanin shi ne abin da zai kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta inda yake, da bankinsa idan da kati ya biya.