Ɗakin kine da kujerar Auta: abin da na gani cikin shekara 2

Mata suna yawan tare ni a gidan suna ko wurin niƙa, su ce, "Maman Auta, wurin nan da kike kai yarinyar, ana samun sauƙi kuwa?" Amsar ta fi ƙarfin gaisuwar hanya, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan wurin kuwa zan bar shi, don akwai inda zan yi ƙorafi.

Auta ta zo duniya bayan naƙudar kwana 2, kuma an daɗe ana fama kafin ta yi kuka. Har wata 8 wuyanta bai tsaya ba, hannuwanta kullum a dunƙule. Uwar mijina ta ce ƴar ruwa ce. Muka yi rubutu, muka yi turare, muka kai har wajen Madarunfa, akuyata 2 suka tafi. Ba na riƙe Iya a rai, abin da ta sani ta yi.

Wata maƙwabciyarmu a unguwar Zariya ta nan Maraɗi ce ta nuna mini ɗakin kine, wanda wasu ke ce wa gashin ƙashi. Na je da tunanin allura. Likitan ya juya yarinyar, ya lanƙwasa, ya miƙe, sannan ya ce, "Maman Auta, gaskiya zan gaya miki. Ƙwaƙwalwarta ce ta yi rauni da numfashi ya yi jinkiri wajen haihuwa. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Aikinmu ni da ke shi ne kada gaɓoɓinta su sandare, kuma ta koyi duk abin da jikinta zai iya." Na fita raina a ɓace, na yi sati 3 ban koma ba. Da na koma, a kan benci na ji labarin sauran. Wannan shawara ce ta kama nata yana jinjiri, waccan sanƙarau lokacin bazara, wata kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya hau wa yaron kai.

Kayan ɗakin ba su da yawa: katifa, wata babbar ƙwallo, madubi, da ƙarafa biyu na koyon tafiya. Ba ruwan zafi, ba gashi, sunan ne kawai. Minti 20 ake yi mana, Litinin da Alhamis. Wanda ya zo don minti 20 ɗin nan kaɗai ya yi asarar kuɗin kabu-kabu. Riba tana wurin abin da ake koya wa hannun uwa. Likitan ba ya barin ki zauna kina kallo. Sai ya ce, "Taso, Hajiya, ke za ki yi," ya gyara miki riƙo har sai kin iya.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ci da sha. Da ɗura nake yi mata, tana kwance a cinyata, ta ƙware, ta yi ta tari, bayan kwana biyu ƙirji ya kama, sai asibiti. Ya hana ni ɗura. Ya ce a zaunar da ita a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, kunu ya yi kauri don mai ruwa-ruwa shi ke saurin bin hanyar numfashi, cokali ƙarami, a jira ta haɗiye. Kofi guda yakan ci mini rabin awa. Amma tun damanar bara ba mu kwana asibiti saboda ƙirji ba. Goyo ma ya ce in ci gaba, tunda yana ware mata ƙafafun da ke son harɗewa.

Sai kujera. Shi ya auna ta, ya zana a takarda, kafinta ya yi a jika 12: baya mai kusurwa da ke tallafe kafaɗu, guntun katako tsakanin cinyoyi, ɗamara, da ɗan tebur a gaba. Ledar da aka rufe soson da ita tana ƙuna a watan Afrilu, sai na shimfiɗa tsohon zane, kuma cikin shekara guda kujerar ta yi mata kaɗan. Duk da haka ita ta fito da Auta daga ɗaka. Yanzu in ina tuyar ƙuli-ƙuli tana zaune tsakar gida, yaran maƙwabta suna jera mata murafun kwalba a tebur.

Ƙorafina kuwa, likita guda ne, in ya yi tafiya ɗaki a rufe, ba mai sanar da ke. Layi tun ƙarfe 7, rumfar ba ta ɗaukar kowa. Bayin wurin yana da matakala, a inda ake kawo yaran da ba su tafiya! Ba mai koyar da magana. Kyautar magani da aka sa wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 tun 2006 ta ƙare a kanmu, ga kuɗin mota, don yaro mai sandarewa ba ya zama a kan babur in ya girma. Mata daga Tibiri da Gidan Rumji na ga sun fara da ƙarfi, wata 2 sai a daina ganinsu.

Maganar lakwal ma a baki ta tsaya. Likitan ya ce Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, an kuma yi doka a 2019, amma ba wanda ya raka ni wurin darakta. Ni na je da ƙafata, ya ce in kawo ta Oktoba. Ƙafarta ta dama kuma jijiyar dunduniya ta ɗaure, ana maganar asibitin yara na CURE a Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Maigida ya fara ajiya.

Auta ba ta tafiya. Tana riƙe kofi da hannun hagu, tana ce mini "Mma". Ranar Alhamis da ta wuce ciwon kai ya kwantar da ni, Iya ta goya ta, ta ce in faɗa wa mai adaidaita inda zai sauke su.