A nan, ƙasar shuka ma a buhu ake saye

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya ƙarfin jikin Umma? Ka tambaye ni shukar nan mai farin fure da ka gani a hoto. Sunanta rododendron, ta haɗin iri ce, ana ce wa irin tawa Cunningham's White.

A shagon shuke-shuke na saye ta. Ka san masu furanni na bakin titi a Kano, ka taya, a miƙo maka dashe a baƙar leda, a ƙara maka da gyara. To nan Luton ta Ingila babu tayi, abin da aka liƙa shi za ka biya. Sai dai kowace tukunya da takardarta: tsawon da shukar za ta yi, watan furenta, rana take so ko inuwa. Sun kuma ce in ta mutu in koma musu da rasit. Wannan kam sun fi mu.

Amma ƙasa, Yaya! Ƙasar da za a cika mana baro kyauta a gida, ita na saya a buhu mai lita 50. Wai ita shukar, ƙasa mai tsami take so, ta Luton kuwa alli ce. Shi ya sa na bar ta a babbar tukunya.

Sai na yi mata irin ta gida, na barbaɗa toka, ina ba ta ruwan famfo safe da yamma. Ba a jima ba ganye ya koma ruwan ɗorawa, jijiyoyin kawai suka rage kore. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce toka na kashe tsamin ƙasa, ruwan famfon garin kuma allin gare shi. Yanzu randar roba na kafa a bakin indararo ina tara ruwan sama, kamar yadda Umma ke yi da damina. Saiwar shukar a sama-sama take, ba a binne ta da zurfi, kuma ƙarshen lokacin zafi na nan ba a barinta da ƙishi, don lokacin take ɗaura furen baɗi. Bana a watan Mayu ta buɗe.

Batun in aiko maka da reshe kuwa, bar shi. Zafin Afrilu na Kano zai gama da ita, ganyenta kuma guba ne ga awaki da tumaki. Ka ci gaba da ban-ruwan zogalenka. A gaida Anti da yara.