Baje koli na farko a Accra: me ya kamata ka saya?

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, ka nemi takardar ƙa'idojin rumfa daga masu shirya taron. Rumfar da aka saba bayarwa mita 3 ce tsawo da faɗi, galibi da tebur ɗaya, kujera biyu da soket guda, kuma ba a yarda a buga ƙusa a bangonta ba.

Mazubin kaya shi ne inda sabon shiga ya fi yin asara. Jakar Ghana Must Go tana da arha, tana kuma cin kaya, amma ta yadi ce da tufafi. Kwalba a cikinta sai fashewa, zif ɗin kuma kan ɓalle idan an danna ta da yawa. Kwali ba ya wuyar samu a kasuwar Makola, sai dai ruwan Mayu da Yuni yana taɓa shi gindinsa zai zube. Akwatin roba mai murfi ya fi su tsada, amma shi muka fi so: ana jera wani kan wani, yana shigewa ƙarƙashin tebur, baɗi ma shi za ka ɗauko. Kada kowanne ya wuce kilo 20, domin tasi ko aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) a bakin ƙofa za su sauke ka, sauran tafiyar a kai za ka ɗauka. Mai tahowa daga Kumasi da man kaɗanya, tafiyar kusan kilomita 250, ya ɗaure kowace roba a leda, don zafin mota yana narkar da shi ya ɓata takardar jikinta.

Bana, wato ƙyallen talla mai ɗauke da sunan sana'arka, iri biyu ce. Wadda ake ja daga gindinta ta tsaya, mai faɗin santimita 85 da tsawon mita 2, ta dace da cikin zaure. A fili kuwa, musamman wajen unguwar La da iskar teku ke kaɗawa, faɗuwa za ta yi ta yi; can ta ɗaurawa da igiya, mai huda a kusurwa huɗu, ta fi. Ka kai aikin wurin masu ɗab'i a unguwar Accra New Town mako guda kafin ranar, ka karanta lambar wayarka sau biyu kafin a buga.

Soket ɗaya ba ya isa. Sayi ekstenshan mai tsawon mita 5, mai kai uku da fis, ka manne wayar a ƙasa da salatif mai faɗi. Kada ka jona masa butar lantarki. Fitila mai caji ma ba ɓarnar kuɗi ba ce, wanda ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya sani.

Lambar MoMo (asusun karɓar kuɗi ta waya) a rubuce ɓaro-ɓaro a kan tebur, da canjin sidi 1, 2 da 5 a jakar ƙugu. Mai abinci ko man shafawa ya riƙe kwafin rajistarsa ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna.

Almakashi, salatif, igiya, biro 3, littafin rasit, caja da ƙyallen tebur su shiga ƙaramin akwati guda. Shi ake lodawa a ƙarshe, don shi ake fara buɗewa.