Masu cire tankin ƙarƙashin ƙasa da suka yi mana aiki a Kakuri

Tsohon gidan man mahaifinmu da ke Kakuri a Kaduna ya daɗe a rufe, tun kafin a cire tallafin mai a 2023 famfunansa suka daina zuba. Da muka yanke shawarar gina shaguna a filin, sai maganar tankuna uku da ke kwance a ƙasa ta taso, na fetur biyu, na kananzir ɗaya, kowanne lita 33,000.

'Yan gwangwan ne suka fara zuwa. Kyauta za su haƙe su kwashe, ƙarfen ne ladansu. Na tambayi babbansu yadda za su fito da su, ya ce, "Alhaji, ai a cikin ramin za mu yanka, tankin da ya shekara da shekaru babu mai me zai yi?" Nan take na sallame su. Tururin fetur ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a gindin tanki ya ƙi fita, kuma tartsatsi ɗaya na injin yanka ya ishe shi. Ga gidajen mutane bango da bango da mu.

Wanda muka ba aikin wani injiniya ne da ke da ƙaramin ofishi wajen Mando. Kuɗinsa da ɗaci, amma kafin ya karɓi kafin alƙalami sai da ya sa muka sanar da hukumar NMDPRA, wadda ta gaji DPR wajen kula da gidajen mai tun 2021, da kuma KEPA ta muhalli ta jiha. Ya kuma ce mu haƙura damina ta wuce, don idan ƙasa ta sha ruwa bangon rami zubewa yake, tanki marar kaya kuma yana iya tasowa ya karya bututu.

Yadda suka tsabtace tankunan shi ya fi burge ni. Sun zuƙe ragowar, wata baƙar laka mai kauri haɗe da tsatsa, suka ɗura a durom suka rufe. Suka wanke, suka cika da ruwa, suka sake zuƙewa. Wani yaro yana ta zura na'urar auna tururi ta bakin tankin, sai da ta daina ƙara aka kira katafila. An hana shan taba, har mai shayin bakin titi aka roƙa ya matsar da wutarsa, ya yi ta ƙunƙuni. Mota mai ƙugiya ta ɗago su ɗungurungum. Ɗaya na fetur ya huje a ciki, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi baƙi tana wari, suka kwashe ta da tifa, injiniyan ya ce a kai ruwan rijiyar maƙwabta gwaji. Alhamdu lillahi bai gurɓata ba.

Inda suka gaza shi ne ciko. Marmara suka zuba a gaggauce ba su daddaɓe ta hawa-hawa ba, ruwan farko na sauka wurin ya lotsa har gwiwa. Na sha kiran waya kafin su dawo su gyara, kuma ni na biya kuɗin tifar ƙarin. Kuɗin ƙarfen da aka sayar a kasuwar Panteka ma sai da muka yi ja-in-ja, don ba mu rubuta na wane ne ba.

Zan iya tura musu wani, amma a rubuta maganar ciko da ta ƙarfe a takarda, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har damina ta gwada aikin.