Pekmez na Inabi Wajen Gasa Simit a Gida

Duk mai son gasa simit, zagayayyen burodin nan mai riɗi da ake sayarwa a titunan Istambul, ya kamata ya nemi pekmez, ruwan inabin da Turkawa ke dafawa har ya yi kauri kamar zuma. Ana sirka shi da ruwa, a tsoma murɗaɗɗen kwaɓin a ciki, sannan a mirgina shi cikin soyayyen riɗi kafin a sa a tanda mai zafin digiri 220. Shi ke sa riɗin ya kama sosai, ɓawon ya yi ja. Na gwada ruwan sukari a madadinsa, amma launin bai kai ba. Aibin pekmez shi ne saurin ƙonewa idan an yi masa ƙarancin ruwa.