Robar da ake bari a kai bayan tiyata, yadda suke yi a Ingila

Salam Yaya, ya Daura, ya jikin Kawu? Naji ance hoton CT ya nuna jini ne ya taru masa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai tun faɗuwar nan da yayi, kuma wai gida an rabu biyu kan robar da likita yace zai bari a ciki bayan aiki.

A sashen da nake aiki nan Ingila muna yawan ganin tsofaffi masu irin wannan. Ƙaramin rami suke hudawa a wanke jinin, sai a bar robar kamar kwana 2 tana tsiyayar da saura. Wani bincike da akayi a Kambirij aka fitar a 2009 ya nuna cikin waɗanda aka sa wa robar kusan kashi 9 cikin 100 ne jinin ya sake taruwa, waɗanda ba a sa wa ba kuwa kashi 24, shi yasa ni dai ina goyon bayan a saka.

Amma fa tana da haɗari kuma basa ɓoyewa, sai likita ya zauna ya karanto maka kafin kasa hannu, tana iya kaucewa ta taɓa ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin cuta na iya bi ta cikinta, ko sabon jini ya ɓalle ko farfaɗiya ta taso, har wasu likitocin yanzu sun koma sa ta ƙarƙashin fatar kai don kar ta kusanci ƙwaƙwalwar. Inda suka fi mu wallahi kulawa ce, nas na zuwa akai akai ta haska ido da tocila, ta tambayeka sunanka, ta auna abinda ya zuba a jakar da ke haɗe da robar ta rubuta. Robar da jakar a rufe suke zuwa, sau ɗaya ake amfani dasu, babu mai cewa jeka kemis ka siyo. Kuma asibitin nan ba kyauta bane ga baƙi kamar yadda ake zato, fam 1,035 na kowace shekara yawanci ake biya tare da biza, ga jiran layi in ciwon ba na gaggawa bane.

Don Allah ku sa mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa kwana da shi, kar ƴan dubiya su taɓa jakar ko su ɗagata, in zazzaɓi ya zo ko barci ya masa yawa a kira nas nan take. Kuma ka turo min hoton magungunan da yake sha, in akwai asfirin ko na tsinka jini lallai likitan ya sani kafin a shiga da shi.